Ganin Gida

Da rana tsaka Munir ya kunna fitila a zauren Malam Maude. Wata irin fitila ce mai siffar zobe a kan doguwar ƙafa, wadda ya rungumo tun daga Abuja kamar jariri. Ya gyara mata tsayuwa, ya ja da baya ya ƙare mata kallo, sannan ya juyo wajen Mahbuba yana jiran yabo.

"Allah ya ba mu rana kyauta, kai ka je ka sayo wata," in ji Mahbuba. "Muniru, anya birni bai taɓa maka kai ba?"

"Ke dai 'yar ƙauye ce har gobe. Wannan ita ke fito da fuska. Yanzu duniya fuska take kallo, ba rubutu ba."

Taubasai ne, shi ɗan goggonta, saboda haka babu maganar da ɗaya bai isa ya yaɓa wa ɗaya ba. Tare suka tashi a wannan gida, tare suka sha bulalar Malam, mahaifinta. Shi ya tafi jami'a ya zarce Abuja, ita ta tsaya a Batsari tana koyar da matan aure a Islamiyyar mahaifinta. Amma idan ana batun suna, ta fi shi nesa ba kusa ba, domin ita ce mai shafin Daga Batsari a Fesbuk.

Da farashin rogo ta fara, da sanarwar ɗaurin aure, da hoton gadar da ruwa ya cinye. Sai zamani ya juya, shafin ya juya tare da shi. Ya koma wurin da ake duba ko hanyar Ruma za ta biyu yau, da wanda aka yi wa sutura jiya, da wanda ake cigiya. Shekarar da aka katse sabis a yankin, takan shiga motar Katsina da labarai a ka, ta zauna a tasha ta saka su ɗaya bayan ɗaya, ta juyo gida kafin hanya ta yi shiru. Abu guda ya riƙe shafin: ba ta taɓa saka abin da ba ta tabbatar ba. Har ya zama idan jita-jita ta tashi a kasuwa, sai ka ji wani ya ce a dakata tukuna, Malama ba ta saka ba. Tana alfahari da wannan, kuma ba ta ɓoye alfaharin.

To amma suna ba ya sayen data. Rayuwa ta yi tsada, albashin Islamiyya kuwa sunansa ne kawai albashi. Shi ya sa da Munir ya zo da maganar Tartsatsi, wani sabon kamfanin intanet da wasu samari suka kafa suna tattara ƙananan shafuka irin nata, ba ta ja dogon zance ba. Suka ba ta sabuwar waya da alkawarin ɗan abin hannu duk wata, ita kuma ta ba Munir damar saka abu a shafin kamar yadda take sakawa.

Ya zauna a bakin tabarma yana goge gilashinsa da gefen riga.

"Bari in gaya miki yadda harkar take yanzu. Zamanin 'yan bulog masu dogon rubutu ya wuce. Masu zuba mana jari ba sa tambayar me aka ce, tambayarsu mutum nawa suka tsaya suka kalla har ƙarshe. Ba ni na tsara haka ba, ni ma haushi yake ba ni. Shafinki yana da amana amma ba shi da motsi. Muna buƙatar labari ɗaya mai fuska, wanda zai fita daga Katsina ya zaga duniya."

"Fuskar wa?"

"Esther."

Mahbuba ta miƙa hannu ta kashe fitilar.

Esther ƙawarta ce tun makarantar sakandare, gado ɗaya sama da ƙasa. Kirista ce, 'yar wani ƙauye da ke bakin daji ta wajen Ruma, ƙauyen da yau babu ko kaza a cikinsa. Iyayenta sun rasu, sauran dangi sun watsu. Tana aure a Unguwar Gagare ta ƙasar Safana, gidan wani manomi mai suna Daniel. Farkon damina mutanen daji suka ɗauke ta a gonar gyaɗa. Sai da aka fara girbi ta dawo, bayan mijinta ya rabu da shanun nomansa. Ta dawo da ciki.

Kowa ya san wannan daga Safana har Batsari, kuma babu mai faɗa. Tun ranar da aka ɗauke ta surukinta, tsoho Gagare, ya zauna a ƙofar gida ya ce surukarsa ta tafi ganin gida. Wanda duk ya zo jaje, haka ya ji, haka ya koma da shi. Wane gida, alhali garinsu kufai ne? Ba wanda ya tambaya. Mutanen da aka ƙwace wa gona da barci da dabbobi, abin da ya rage a hannunsu shi ne su zaɓi sunan da za su kira abin da ya same su, kuma sun zaɓa.

"Esther ganin gida ta je," in ji Mahbuba.

"Haba Malama, ni za ki yi wa wannan? Mu biyu ne fa a zauren."

"Ko ni kaɗai ce a zauren, ganin gida ta je."

"To ni gobe zan je in gaishe ta. In kin ga dama ki raka ni, in ba ki gani ba na san hanya."

Ta san shi sarai, in ya ƙwallafa rai a kan abu sai ya taɓa shi. Gara ta kasance a wurin.

Suka shiga motar Safana da hantsi, daga can suka hau babura. Dawa ta sunkuya a gonakin da ke kusa da gari, na nesa kuwa ciyawa ta cinye su, don ba wanda ya isa ya je. Sun tarar da Gagare a gindin tsamiya yana ɓarar gyaɗa, tsoho ne dogo mai farin gemu da tsagen gado a kumatu. Suka durƙusa. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Malam da iyali da makaranta, aka tambayi ruwa da amfanin gona. Munir bai manta da ladabi ba, Mahbuba har ta fara sakin jiki.

Sai ga Esther ta fito da kwanon ruwa. Ta rame a wuya, amma tafiyarta na nan yadda take, kai a sama. Munir ya miƙe tsaye, fuskarsa cike da tausayi na gaskiya.

"Esther, barka da arziki. Allah ya kiyaye gaba."

Hannun Gagare ya tsaya a kan gyaɗar. Wata mata da ke shanya kuɓewa a gefe ta ɗauke tirenta ta shige gida. Barka da arziki gaisuwar wanda ya kuɓuta daga halaka ce, kuma tun dawowar Esther ba a taɓa furta ta a ƙofar gidan nan ba.

"Wane arziki, ɗana?" in ji tsohon, a hankali. "Motar da ta hau ce ta faɗi ba a gaya mini ba?"

"A'a Baba, ina nufin..."

"Wanda ya dawo daga ganin gida, sannu da hanya ake ce masa. Ko a Habuja an sake?"

Mahbuba ta karɓi kwanon daga hannun ƙawarta.

"Sannu da hanya, Esther. Ya kika baro mutan gida?"

"Lafiya lau," in ji Esther, idonta cikin na Mahbuba. "Suna gaishe ku."

Mahbuba ta ce suna amsawa, ta sha ruwan.

Munir bai karaya ba. Ya sassauta murya ya yi bayani, kuma ya iya bayani. Ya ce kamfaninsu na son duniya ta ji abin da matan yankin ke gani, za a rufe fuska, za a sauya murya, akwai ƙungiyoyin da za su taimaka idan labarin ya fita. Esther ta saurare shi har ya dire.

"Malam Munir, me zan faɗa? Hanya ce dai ba ta da kyau, ka gani da idonka."

Ta kama hannun Mahbuba suka shige ciki.

A ɗaki Esther ta jawo wani kwando daga ƙarƙashin gado, ta fara ƙulla daddawa da kuka a leda. Mahbuba ta tambaye ta na mene ne.

"Tsarabarku mana. Ana dawowa ganin gida hannu rabbana?" Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Ranar da na dawo, ko takalmi babu a ƙafata. Kafin gari ya waye matan unguwar nan sun tara mini wannan, kowa da abin da ta kawo ta bayan gida. Washegari na bi su ɗaki ɗaki ina raba musu kayansu, suna ta godiya, wai daddawar garinmu ta fi tasu ƙamshi."

Dariyar ta ƙare ba tare da Mahbuba ta taya ta ba. Esther ta zauna a bakin gado.

"Kada ki ɗauka kunya nake ji. Wanda ya yi abin shi ke da kunya. In don ni ce, sai in tsaya tsakiyar kasuwar Safana in faɗi komai, har da abin da ba a tambaye ni ba. Amma ga wannan." Ta dafa cikinta. "Daniel ya ce nasa ne. Baba ya ce jikansa ne, ya hana kowa lissafin wata a gidan nan. Ni kaina ban sani ba, kuma ba na neman sani. Abin da aka saka a waya ba ya ruɓewa, Mahbuba. Ranar da ya yi faɗa da wani yaro a makaranta, sai a ciro a nuna masa, a ce masa ɗan daji. In akwai abin da zai ji, daga bakina zai ji, ranar da na ga ya isa."

"Ba za a saka ba."

"Ɗan'uwanki ne."

"Na ce miki ba za a saka ba."

Esther ta dube ta, ta gyaɗa kai, sannan ta sake ɗaura ɗankwalinta.

"To ɗauke mu hoto da sabuwar wayar nan, tunda kin zama 'yar kamfani. Rabon da a ɗauke ni hoto tun bikin Kirsimeti."

Suka haɗa kai suka ɗauka, ledar tsaraba a tsakaninsu.

A tashar Safana suka zauna jiran mota ta cika. Nan Munir ya miƙo mata wayarsa ba tare da ya dube ta ba. Bidiyo ne. Ga Esther tana fitowa da kwanon ruwa, ga cikin ya fito sosai ta gefe, ga tsamiya, ga rumbunan gidan. Ashe tun suna gaisawa wayar na aiki a aljihun gaban rigarsa. An shafe fuskar da wani hazo, amma atamfar na nan, tafiyar na nan.

"Ka rufe fuska," in ji Mahbuba. "Tsamiyar fa? Zanin fa? Akwai wanda zai ga wannan daga nan har Batsari bai gane ta ba?"

"Ba don mutanen nan aka yi shi ba. Su ai sun sani."

"Sun sani, ba su faɗa ba. Kai ba ka ga bambanci ba?"

"Na gani!" Muryarsa ta tashi har mai sayar da rake ya waiwayo. Ya rage ta. "Na gani, kuma shi ke kashe mu. Wannan shirun naku da kuke ji da shi, mutanen daji ya yi wa amfani. An ɗauke mace, a ce ganin gida. An kashe mutum, a ce kwana ya ƙare. Yaya Hafizu a gonarsa aka harbe shi, da fartanya a hannu. Wa ya ji?"

"Na saka a shafina."

"Kin saka. Mutanen Batsari suka karanta, suka ce Allah ya jiƙansa, shi ke nan. Ko jarida ɗaya ba ta ɗauka ba. Wanda ba a gani ba, ba a kawo masa ɗauki, Mahbuba. Ni na zauna da mutanen da ke raba taimakon nan, na san abin da ke motsa su. Ba rubutu mai tsabta ba ne."

Maganar ta yi mata zafi. Ita ma ta yi kukan Hafizu, yayan Munir. Ita ma ta sha zama da waya a hannu tana jin kamar cikin rijiya take magana.

"Ka nemi mai son faɗa," ta ce daga baya. "Akwai su, ni zan kai ka har ɗakunansu. Wannan ka tambaye ta, ta ce a'a."

"Babu mai irin labarinta. Na riga na tura wa oga, ya ce shi ne abin da muke nema tun da aka buɗe kamfanin. Gobe bayan la'asar zai hau."

"Ba a shafina ba."

"In ba a naki ba, a na kamfani. Kuma kin san daga nan babu sauran ke da su."

Ta ciro wayarta a gabansa, ta shiga shafin, ta cire sunansa daga masu iko da shi. Ta nuna masa.

"Ka gaya wa oganka wayarsu na nan, ya aiko a karɓa."

Motar ta cika, suka kama hanyar Batsari. Ledar daddawarsa na kan cinyarsa, ya rasa inda zai ajiye ta.

Cire shi bai hana komai ba, ta san haka. Bidiyon na hannunsu, kuma da zarar ya hau, kafin magariba ya shiga kowace waya a Safana. Ba ta da kuɗin lauya, ba ta san kowa a Abuja ba. Abu ɗaya take da shi wanda Tartsatsi ba su da shi, shi ne idan ta ce abu ya faru, mutane sukan yarda ya faru.

Da safe bayan an tashi darasi, ta sami mahaifinta a zaure yana duba littafi. Ta durƙusa daga gefe.

"Baba, ina da tambaya. Mutum ne bai taɓa rubuta abin da ba haka ba. Sai ya zama in ya rubuta sau ɗaya, asirin wani zai rufu."

Malam Maude bai ɗago ba.

"Wa za a zalunta da rubutun?"

"Babu."

"Wa zai yi asara?"

"Mai rubutun."

"To me kike tambayata?" Ya juya shafi. "Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya."

Ta kira wayar Daniel, ya miƙa wa matarsa. Mahbuba ta faɗa mata komai, har da bidiyon, har da abin da take son yi. Esther ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce:

"Ke da ba kya ƙarya?"

"Yau zan koya."

"To saka. Amma ki zaɓi hoton da na fi kyau a ciki."

Ta zaɓa. A ƙarƙashin hoton ta rubuta: Ƙawata Esther Daniel ta Unguwar Gagare ta dawo daga ganin gida lafiya. Mun je mun yi mata sannu da hanya, mun ci tsaraba. Allah ya sauke ta lafiya, ya raya wa Daniel.

Ta daɗe tana kallon rubutun. Shekarun da ta yi tana bin mota, tana kiran mutum uku kafin ta yarda da na farko, tana ƙin saka abin da kowa ke sakawa, duk ga su a kan ɗan yatsa ɗaya. Ranta ya yi ɗaci ƙwarai. Ta danna.

Ba ta kai ga ajiye wayar ba sharhi ya fara shigowa. Sannu da hanya. Ya ta baro mutan gida? Allah ya raba lafiya. Masu babura, malaman makaranta, 'yan kasuwar rogo, matan da take koyarwa, mutanen da ta tabbata sun san komai, wasunsu ma sun ba da gudummawa lokacin da Daniel ke neman abin fansa. Babu wanda ya kauce ko da kalma ɗaya. Kafin azahar an yaɗa hoton fiye da duk abin da ta taɓa sakawa, abin da ya ba ta dariyar takaici, don ga motsin da kamfani ke nema ya samu.

Munir ya kira.

"Kin san abin da kika yi? Yanzu in mun saka, sai a ce mun ƙirƙira. Shafin da kowa ya yarda da shi ya riga ya ce ba haka ba."

"Shi ya sa na yi."

"Ƙarya ce fa, Mahbuba."

"Na sani."

"Kin zubar da sunanki saboda..."

"Nawa ne. Ban ara wurin kowa ba."

Ta ji yana numfashi. Ya ce oga ya ce za su saka duk da haka, har ma ya fi, za a ƙara da cewa mutanen yankin na ɓoye gaskiya saboda tsoro. Ya ce shi ke riƙe da bidiyon, shi aka bar wa ya ɗora. Ta ce to ya ɗora, ta kashe wayar.

Ana kiran la'asar wani sharhi ya shigo wanda ya bambanta da sauran. Sunan ba na mutum ba ne, hoton kuma babur ne a jingine cikin itatuwa. An rubuta: Wane gidan? Garinsu ai ba kowa. Ku tambaye ta gidan da ta kwana. Aka bi shi da fuskokin dariya.

Shafin ya tsaya cak, kamar yadda hira ke tsayawa in baƙon da ba a yarda da shi ba ya yi sallama. Mahbuba ba ta san ko wane ne ba. Yana iya zama ɗan zaman banza mai neman suna, yana iya zama ɗaya daga cikin mutanen daji, don su ma suna da wayoyi, suna kuma karanta ta. Tana iya gogewa, amma an riga an gani, kuma gogewar kanta amsa ce. Tambayar da duk ƙasar ta ƙi yi tun farkon damina, ga ta an yi ta a bainar jama'a, a ƙarƙashin hoton Esther tana murmushi.

Tsoro ya kama ta, na gaske. Ta dubi ƙofar zauren mahaifinta, wadda ko sakata mai kirki ba ta da ita. Sannan haushi ya zo ya danne tsoron. Sun hana noma, sun hana barci, yanzu kuma har sai sun zo sun faɗa wa mutane sunan da za su kira ɗansu? Ta ɗauki wayar ta rubuta:

Gidanmu. Gidan Malam Maude, Batsari. A ɗakina ta sauka.

Ta zauna tana kallon amsar tata ita kaɗai a ƙarƙashin dariyar mutumin. Ba abin da ya motsa. Ta fara tunanin ko ta jawo wa gidansu abin da ya fi ƙarfinsu, kuma a banza.

Sai wata Zuwairatu daga Ruma ta rubuta: Daga nan ta biyo ta wajenmu, mun sha hira.

Maijidda mai kitso ta Safana ta ce ita ta yi mata kitson komawa. Wani tela, Armaya'u, ya ce atamfar da ke jikinta a hoton shi ya ɗinka lokacin da tana Batsari, a duba wuyan a gani in ba aikinsa ba ne. Wata tsohuwa da jikarta ke rubuta mata ta ce har yanzu ba ta yafe ba, Esther ta yi wata da watanni a gari ba ta leƙo ta ba sai sau biyu. Daga nan abin ya ɓalle. Kowa da ranar da ya gan ta, kowa da abin da ta ci a gidansa. In da za a haɗa duka, Esther ta kwana a rabin ɗakunan Batsari. Sharhin mai babur ya nutse can ƙasa, sai an sha wahala kafin a gano shi.

Mahbuba na karantawa tana share ido da bayan hannu, amma hankalinta na wani wuri. La'asar ta wuce. Ta buɗe shafin Tartsatsi, babu komai. Ta rufe, ta sake buɗewa, babu komai. Ta san ba a nan take ba. Yana iya hawa kowane lokaci, kuma duk wannan gayya ba za ta goge tsamiyar da zanin daga idon mutane ba.

Rana ta yi sanyi, yara sun fara dawo da awaki. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Sabon sharhi ne a ƙarƙashin nata, ba da sunan kamfani ba, da cikakken sunansa da hotonsa mai gilashi.

Ni na kai ta tasha, in ji Munir. Har kaya na ɗaukar mata.